Shokazoba Huɗu a Babur Ɗaya

A ƙauyukan Bagwai da ke jihar Kano an daɗe da daina barin babur yadda ya fito daga kamfani. Da mutum ya saye shi, musamman in na hannu ne, wurin mai walda yake fara kai shi. A tsawaita kariya da rodi, a ƙara mata ƙafafu, sannan a gangaro kan shokazobar baya: ko a cire ta asali a sa wadda ta fi ta kauri, ko a bar ta a liƙa mata wata a gefe, su zama biyu a dama biyu a hagu. Wanda ya tsaya a bakin hanya da kaka, ko a watannin da ake ɗibar tumatir da albasa a filayen noman rani na Watari, zai ga irin waɗannan babura suna wucewa ɗaya bayan ɗaya, mai tuƙi ya matso har kan tanki, buhu uku a bayansa an tamke su da roba.

Ina cikin masu cewa tsohon babur ya cancanci a kashe wa shokazobarsa kuɗi. Ina ma ganin a duk jikin babur babu inda kuɗin gyara ya fi yin amfani kamar nan. Inda na saɓa da 'yan uwana shi ne ma'aunin da muke auna gyaran da shi. Mun ɗauka shokazoba mai kyau ita ce wadda ba ta lotsawa ko me aka ɗora mata. Wannan fahimta tana tsaga firam, tana cin taya, tana lalata bayan mutane, wani lokaci kuma har rai take ci.

Bagwai ƙasar noma ce mai yawan jama'a, gona na jikin gona, ƙauye na hango ƙauye. Tun da aka gina madatsar ruwa ta Watari a ƙarshen shekarun 1970, aikin gona a nan ya daina tsayawa da ɗaukewar ruwan sama, don haka jigilar kaya ma ba ta da hutu. Da zarar an sauka daga kwalta kuwa, abin da ke kai mutum gonaki da ƙauyukan Gogori, Romo, Sare-Sare ko Wuro Bagga burji ne da turba, rairayi da rani, taɓo da zaizaya da damina. A irin wannan hanya babur ne ke kai taki gona, shi ke ɗauko injin ban ruwa da jarkokin mai, shi ke fitar da amfani zuwa bakin titi inda motar Bichi ko ta Dawanau za ta ɗauka, shi ne kuma ke kai mara lafiya asibiti da tsakar dare.

Mafi yawan waɗannan babura sun manyanta. A watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, gwamnatin jiha ta hana acaɓa a birni da kewaye. A Daidaita Sahu ta maye gurbinta, babura da dama kuma suka gangaro karkara suka ci gaba da neman abinci. Bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira, sabon babur ƙirar Boxer ya haura naira miliyan ɗaya. Manomin da ke da tsohon Jincheng ko Boxer da ya sha jiki ba ya maganar canji yanzu. Maganarsa ita ce yadda zai lallaɓa wanda ke hannunsa ya ƙara masa shekaru.

To, in ya tashi lallaɓawar, inji yake fara kallo. A canja ringi, a wanke kafireto, a sa sabon fulogi, domin in inji ya ƙi tashi ranar ta lalace. Shokazoba kuwa ko ta mutu babur zai tashi, zai kuma yi tafiya, shi ya sa ake barin ta ƙarshe. A hankali take mutuwa, jikin mai babur yana sabawa da mutuwarta, har ya manta yadda babur ɗinsa yake a da.

Abu biyu ne a cikin shokazoba, kowanne da aikinsa, kuma rashin rarrabe su shi ne tushen kuskurenmu. Na farko shi ne sifirin, wanda kowa ke gani a waje. Shi ke ɗaukar nauyi: a danne shi ya lotsa, a sake shi ya miƙe. Amma sifirin shi kaɗai ba ya sanin tsayawa. In taya ta faɗa rami ya lotsa, da ƙarfin da ya lotsa zai dawo, ya wuce inda yake, ya sake lotsawa, ya yi ta lilo. Abu na biyu, wanda ba a gani, shi ke ladabtar da shi. A tsakiyar sifirin akwai bututu cike da mai, da sandar ƙarfe mai ɗan fistin a kanta. Duk lokacin da shokazoba ta motsa, dole man nan ya kurɗa ta wasu ƙananan ƙofofi a jikin fistin ɗin, kuma da yake ƙofofin matsattsu ne, sai motsin ya yi sanyi. Ƙarfin dukan da rami ya yi wa taya a nan yake ƙarewa, ya zama zafi a cikin man. Wanda ya taɓa bututun bayan doguwar tafiya a kan gargada zai ji shi da ɗumi. Alamar yana aiki ke nan.

Jin daɗin mai zama ƙari ne kawai. Babban aikin man nan shi ne ya riƙe taya a ƙasa. Tayar da ke tsalle, a duk ɗan lokacin da take sama, birki ba ya kama ta, kwana ma ba ta riƙe shi. A kan burjin da ya yi gargada, babur mai matacciyar shokazoba sau da yawa tayarsa ta baya a iska take, ko da mai shi bai sani ba. Ranar da akuya ta gitta ko yaro ya fito daga cikin dawa da gudu, ya taka birkin baya, sai bayan babur ya zame gefe. Daga nan a ce tsautsayi. Tsautsayi gaskiya ne, ba ya kuma wuce ranarsa, amma an umarce mu mu ɗaure raƙuminmu kafin mu yi tawakkali.

Gane matacciyar shokazoba ba ya buƙatar na'ura. Ka tsayar da babur a kan tayoyinsa, ka danna sit da ƙarfi da hannu biyu, ka saki. In mai rai ce, bayan babur zai taso sau ɗaya a natse ya tsaya. In ya yi tsalle ya koma ya sake tasowa, man ya ƙare. Sannan ka sunkuya ka leƙa tsakanin zagayen sifirin. Sandar nan ya kamata ta kasance a bushe tana ƙyalli. In ka ga baƙin danƙo ya lulluɓe ta, ƙura ta cakuɗe da mai ta daskare har kan bututu, to robar da ke tare man ta yage. Ƙurar hunturu da rairayin hanyarmu su ke cinye wannan roba, shi ya sa shokazoba ba ta daɗewa a karkara kamar yadda take daɗewa a kan kwalta.

Amma ba haka ake gwada ta a rumfar bakanike ba. Na sha tsayawa ina kallon cinikin, kusan kullum salonsa ɗaya ne. Dattijo ya zo da babur bayansa ya zauna, bakanike ya duba ya ce, "Baba, wannan ai ta gama aiki, ba ko ɗigon mai a cikinta." Dattijo ya ce, "To samo min mai ƙarfi, yaro, wadda ko buhu uku ba za ta ji ba." Sai a aiki yaron shago ya ɗauko kala biyu ko uku. Bakanike ya kafa ɗaya a ƙasa, ya ɗora ƙirjinsa a kanta da dukkan nauyinsa, ta ƙi motsi. "Ka gani ko, Baba? Danna da kanka ka ji." Baba ya danna, ya gyaɗa kai, a yi ciniki. Ba wanda ya tambayi abin da ke cikin bututun. An gwada taurin sifirin, an bar rabin da ke tsare rai ba a gwada ba. Sau da yawa kuma mai arahar da ta fi kowace tauri ita ce wadda man cikinta bai taka kara ya karya ba.

Ba na ganin laifin bakaniken shi kaɗai. Abin da aka tambaye shi ya kawo, kuma ya san in ya sa mai laushi, gobe za a dawo masa da ƙorafin cewa taya na gogar bodi.

Iyayenmu da suka yi sufuri da jakuna sun san in mangala ta fi ƙarfin jaki, durƙusawa yake yi, ko an doke shi ba zai tashi ba sai an rage. Shokazobar da ke lotsawa har ta buga ƙasa, durƙusawar babur ke nan. Yana faɗa wa mai shi kaya sun yi yawa. In aka ƙara wasu shokazoba biyu aka hana shi durƙusawa, nauyin bai tafi ko'ina ba. Sauran jikin babur yana nan yadda kamfani ya yi shi. Dukan da sifirin ya ƙi shanyewa sai ya wuce kai tsaye zuwa firam, wanda siririn bututu ne, ga shi wutar walda ta riga ta raunana shi a daidai inda aka liƙa sabon kunne. Yawanci a gefen waldar yake fara tsagewa. Daga ƙasa kuma siraran ƙarafunan da ke riƙe da rim su fara tsinkewa ɗaya-ɗaya, rim ya karkace, boris ya fara kuka, taya ta yi ƙwai. Birki kuwa yana nan ɗan ƙaramin da aka ƙiyasta wa mutum biyu da ɗan kayansu. Babur ɗin kansa kilo ɗari da 'yan kai ne. Buhu uku na masara kilo 300 ne, ban da mai tuƙi. Ba shokazobar da za ta sa wannan birki ya tsayar da wannan nauyi a gangaren kwalbati.

Akwai kuma abin da ba a cika lura da shi ba. Kariyar da aka tsawaita tana kai kaya bayan tayar baya, kuma duk abin da ya wuce nan ɗaga gaba yake yi. Tayar gaba ta yi sakayau, kan babur ya riƙa rawa a hannu, musamman a rairayi. Dalilin da ya sa ake ganin mai tuƙi a kan tanki ke nan, yana danne gaba da jikinsa.

Sannan babur ɗin da ya kai buhu uku kasuwa ba da buhu uku zai dawo ba. Wayam zai dawo, ko da uwargida a baya da ɗan cefane. Sifirin huɗun da aka shirya wa kilo 300 ba sa ko motsi a ƙarƙashin mace ɗaya. A wannan rabin tafiyar, babur ya koma tamkar ba shi da shokazoba sam. Kafin shekarun 1950 yawancin baburan duniya haka suke, tayar baya a ɗaure da firam, sai ɗan sifirin a ƙarƙashin sirdi, kuma masu ƙera su sun bar wannan tsari ne saboda taya ba ta zama a ƙasa. Mu kuma muna biyan mai walda ya mayar da mu can.

Na san amsar da manomi zai ba ni, kuma amsa ce mai nauyi. Zai ce mai ya yi tsada, sawu biyu kuɗin mai biyu ne. Zai ce tumatir ba ya jira, in rana ta buɗe a kansa ya tafi, mota kuma ba ta shiga turbar gonarsa. Zai ce shokazobar kamfani ba a yi ta don irin aikinmu ba. Wannan ta ƙarshe akwai gaskiya a cikinta, kamfanonin ma sun sani. Honda ta fito da CG125 a 1975 ne bayan injiniyoyinta sun zagaya ƙasashe masu tasowa sun ga yadda ake yi wa babur lodi ana kuma sakaci da kula da shi. Kamfanin Bajaj na Indiya ya sa wa Boxer sifirin biyu, ƙarami a cikin babba, domin ya yi laushi in kaya ba su da yawa, ya ƙara ƙarfi in an danne shi. Wato su ma sun yarda babur ɗin karkara yana buƙatar baya mai ƙarfi. Bambancin shi ne sun nemi ƙarfin da ke tafiya da laushi, mu kuma muka tsaya a tauri.

Saboda haka ban ce kada a ƙara wa tsohon babur ƙarfin baya ba. Wanda aikinsa ɗaukar taki da hatsi ne, ya nemi shokazobar da aka yi wa baburan ɗaukar kaya, wadda sifirinta da man cikinta aka auna su tare. Ya canja duka biyun lokaci ɗaya, domin sabuwa a dama tsohuwa a hagu murɗa ƙarfen da ke riƙe da taya take yi. Ya auna tsawon tsohuwar daga ido zuwa ido, ya sayi daidai da ita. Mutane suna son doguwa don bayan babur ya ɗaga ya yi kyan gani, alhali ɗaga baya yana sa kai ya yi saurin juyawa, yana kuma canja yadda sarƙa ke ja. A kan sarƙar nan ma akwai abin kiyayewa: in bakanike ya ɗaure ta tamau babur yana wayam, da an ɗora kaya za ta ƙara ɗamewa ta riƙa cin haƙora da boris. A hau babur ɗin tukuna, sannan a duba sakinta.

Robobin da ke cikin idon shokazoba, da na inda ƙarfen tayar baya ke lilo, kuɗinsu kaɗan ne, amma in sun cinye, ko zinariya aka sa babur zai ci gaba da yawo da gindi. A kafe shi, a kama tayar baya a girgiza ta hagu da dama. In tana wasa, daga nan gyara zai fara. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne wani ɗan zobe mai matakai da ke ƙasan sifirin a yawancin shokazobar irin waɗannan babura, galibi mataki biyar. An yi shi ne domin ranar kaya a murɗa shi sama, ranar ɗaukar iyali a sassauta. Kyauta ne, ba ya cin minti biyar, amma za ka ga babur ya shekara goma zoben ya yi tsatsa a inda kamfani ya bar shi. Ƙa'idar da masu sanin abin ke bi mai sauƙi ce: in an hau da kayan da aka saba ɗauka, shokazoba ta lotsa kamar kashi ɗaya cikin uku na iyakar tafiyarta. In ta lotsa fiye da rabi tun ba a motsa ba, ko dai sifirin ya gaji ko kayan sun yi yawa. In ba ta motsa ba ko kaɗan, ta yi tauri.

Bayan duk wannan, akwai nauyin da babu gyaran da zai halatta shi, kuma mutanen Bagwai ba sa buƙatar wani ya zo daga nesa ya koya musu illar lodi. Ranar 30 ga Nuwamban 2021 jirgin ruwa ya kife a Watari a hanyarsa daga Badau zuwa Bagwai, aƙalla mutum 29 suka rasu, mafi yawansu yara ɗaliban Islamiyya masu zuwa Maulidi. Allah ya jiƙansu da rahama. Hukumomi sun ce jirgin ya ɗauki fiye da ƙarfinsa. Haɗarin lodin babur ba ya zuwa da yawa haka a rana ɗaya, shi ya sa ba ya shiga labarai. Ɗaya-ɗaya yake ɗauka: wannan ya karye a cinya, wancan ya bugu a kai, wani kuma ya kwanta shekara guda a hannun mai ɗori, gonarsa ta zama saura.

Akwai kuma ɓarnar da ba ta jiran haɗari. Ka zauna da 'yan acaɓar karkara da suka haura shekara arba'in, ka ji yawan masu kukan ciwon baya da ƙugu. Girgizar yau da gobe tana taruwa a gadon baya, kuma jiki magayi. Wanda ya fi shan wuya ma shi ne na baya, domin daidai kan shokazoba yake zaune, ba shi da abin riƙewa, ba ya kuma ganin rami kafin a faɗa shi balle ya ɗaga jikinsa. Sau da yawa wannan na bayan mace ce mai juna biyu da za ta awo, ko wadda naƙuda ta kama, ko tsoho mara lafiya da aka sa a tsakiya wani ya riƙe shi. Ko don su kaɗai, ya kamata wanda ya ƙara shokazoba don hatsi ya san babur ɗinsa ya tashi daga na ɗaukar mutane. Ko ta fuskar kuɗi aka duba, kwandon tumatir da ya sha duka daga gona zuwa titi, na ƙasansa ruwa yake zama, dillali kuma ba ya biyan kuɗin ruwa.

Wata matsalar tana kasuwa. Mai son ya yi daidai ma yakan rasa inda zai sa kuɗinsa, domin kwali ɗaya, suna ɗaya, amma wata ta shekara biyu wata ta zubar da mai kafin damina ta fita. Hukumar SON ce ke da alhakin tantance ingancin kayan da ake shigowa da su, kuma ina ganin ya kamata ta ɗauki shokazoba da muhimmancin da ake ba taya da birki. Kafin nan, abin da ke hannun mai saye shi ne ya je wurin ɗan kasuwar da ya sani, wanda zai karɓi kayansa in sun yi yoyo, ya kuma tuna araha ba ta ado. Wani lokaci orijina ta hannu da ba ta zubar da mai ba ta fi sabuwa mai ƙyalli da ba a san asalinta ba.

Masu iya canja wannan al'ada da sauri su ne manyan bakanikai da shugabannin tashoshin acaɓa. Bakanike ɗaya a Bagwai yana yaye yara da yawa, kuma abin da suka ga ogansu yana yi shi za su kai garuruwansu. In ya koya musu danna sit su kalli yadda baya ke tasowa, maimakon ɗora ƙirji a kan sifirin, cikin 'yan shekaru gwajin zai canja a duk yankin. Shugaban tasha kuma da ke karɓar kuɗin ƙungiya kullum, yana da ikon cewa babur mai shokazoba huɗu ya tsaya a layin kaya, wanda tasa ke yoyon mai kuma ba zai ɗauki fasinja ba sai ya gyara. Shi ma magidancin da zai ɗora iyalinsa a bayan wani yana da haƙƙin ya sunkuya ya duba sandar nan, in ya ga baƙin danƙo ya ce, "Malam, yi haƙuri, bari mu jira na bayanka."